Kwalin Kirsimeti da Goron Sallah

A makon ƙarshe na zangon karatu na farko, lokacin da hunturu ya fara busar da leɓe, hazo ya rufe duwatsun Birnin Kudu har ba a hango su daga bakin titi, muna zaune a ofishin malamai muna fama da cike takardun sakamakon jarrabawa, sai muka lura malamin lissafinmu ya ture nasa takardun gefe ya kama wani aiki daban. Kwalin takalmi ne a gabansa, yana liƙa masa takarda mai ƙyalli da gam. Mutumin Kirista ne, aiki ya kawo shi daga kudancin Kaduna, ya kuma daɗe a cikinmu har Hausarsa ta koma irin ta mutanen ƙasar nan. Da muka matsa masa da tambaya sai ya buɗe kwalin ya nuna mana abin da ke ciki: 'yar tsana ta roba, da fensir mai launi guda shida, da safa, da alewa, da ɗan littafin hotuna, da tabarau irin na yara. Ya ce na 'yarsa ne mai shekara biyar. Daren Kirsimeti idan ta yi barci zai ajiye mata a gefen matashi, da safe kuma a ce mata Baba Kirsimeti ne ya kawo.

Nan fa ofis ya kaure. Malamin addini ya dube shi ya ce, "Haba Malam, yanzu da bakinka za ka yi wa 'yar cikinka ƙarya?" Malamin aikin gona kuwa cewa ya yi shi asarar ce ta dame shi, a ce mutum ya tsame kuɗi daga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, sannan wani tsoho mai farin gemu, wanda bai san farashin fensir ba, ya zo ya kwashe godiyar. Mai kwali bai ji haushi ba. Ya yi murmushi ya ce, "To ku fa, Malamai? Ranar Sallah ku yi wa yaro wanka, ku sa masa sabon kaya, ku tura shi gida-gida yana miƙa hannu. Tsakanin nawa da naku wanne ya fi?" Aka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Amma mu maganar ta bi mu har gida, domin kuwa ƙarƙashin wannan raha akwai tambayar da ta cancanci a zauna mata: idan za a yi wa ƙaramin yaro kyauta ranar biki, ya kamata ya san hannun da ya ba shi, ko kuwa a ɓoye masa ya fi?

Bari mu fara da namu, tun da shi muka fi sani. Duk wanda ya tashi a Kangire, ko a wani gari makamancinsa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ba sai an ba shi labarin yawon Sallah ba. Tun ana saura kwana goma yaro ya fara sintiri a shagon tela, yana leƙen ko an taɓa yadinsa. Daren Sallah 'yan mata suna ƙunshi da kitso, maza suna wajen wanzami. Da an sauko daga idi, an ci tuwon shinkafa ko waina, sai a rarrabu ƙungiya-ƙungiya, kowace da babban yaron da ke riƙe mata hanya. A fara da gidan kaka, a bi ta gidan baffa, a shiga gidan goggo, a ƙetara unguwar kawunnai. A kowane gida sai an cire takalmi, an durƙusa, an gaishe da mai gida da matansa ɗaya bayan ɗaya, an amsa tambayar ɗan gidan wane ne kai, kana aji nawa, ka kai izu nawa, kafin hannu ya shiga aljihu. A zamaninmu sisi ne da sule, wanda ya yi ƙoƙari ya ba da sule biyar ta takarda a raba. Ranar da wani baƙo daga Kano ya miƙa wa ƙungiyarmu Murtala guda, wato naira ashirin, sai da muka kai ta gida aka ajiye, don mun san ta fi ƙarfin hannunmu.

Abin lura a nan shi ne, kuɗin nan ba su taɓa zuwa su kaɗai ba. Kowane sule yana da fuska da suna da matsayi a cikin dangi. Kafin yaro ya shekara bakwai ya haddace taswirar zuriyarsa ta hanyar ƙafarsa, ya san wace ce ƙanwar kakarsa, ya san dalilin da ake ce wa wancan tsohon baffa alhali ba ciki ɗaya suke da mahaifinsa ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, to ranar Sallah ake fara koya wa ƙafar hanya. Bugu da ƙari, a al'adarmu kyauta ba ta tafiya ba tare da ta jawo 'yar uwarta ba. Idan aka aiki yaro da naman layya ko kwanon abinci gidan maƙwabta, ba zai dawo hannu rabbana ba, sai an ba shi tukwici, kwanon ma sau da yawa ba ya dawowa wayam. Har karin magana muka yi, muka ce yaba kyauta tukwici. Wani masanin zaman jama'a ɗan ƙasar Faransa, Marcel Mauss, ya wallafa nazari a kan kyauta a shekarar 1925, inda ya bi al'adun wasu tsibiran tekun Pasifik da na 'yan asalin arewacin Amurka, ya nuna cewa kyauta tana ɗora wa mutane nauyi uku: na bayarwa, da na karɓa, da na ramawa. Da ya zo Kangire ranar babbar Sallah ya zauna a bakin zaure ya ƙirga kwanukan da ke shiga da fita, da ya rage wa kansa wahalar bincike.

Saboda haka idan aka ce yaro ya san wanda ya ba shi, hujjar a bayyane take. Godiya ba ta tsayawa a iska, sai ta sami wanda za ta sauka a kansa. Yaron da bai saba cewa na gode ga mutum mai rai da ke tsaye a gabansa ba, da wuya ya iya faɗarta idan ya girma.

Amma fa malamin lissafi bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba mu cika son a taɓo mana ba. Yawon Sallah yana koya wa yaro dangi, yana kuma koya masa sa wa dangi farashi. Mun tuna wani kawun mahaifiyarmu, tsoho ne manomi, ba shi da ɗa namiji da zai taya shi gona, abin da kawai yake iya ba mu ranar Sallah shi ne gyaɗa soyayya, kowa cikin tafin hannunsa. Wata shekara babban ƙungiyarmu ya yi lissafi ya ce gidan yana da nisa, kuma babu komai a can sai gyaɗa, gara mu yi amfani da lokacin mu je gidan wani ɗan kasuwa da ba mu haɗa komai da shi ba. Muka kuwa bi shawararsa. Da daddare mahaifiyarmu ta tambaya ko mun gaishe da Kawu, muka yi tsuru-tsuru. Ba ta dake mu ba. Cewa kawai ta yi, tun jiya ya sa aka soya gyaɗar nan, ya kuma wuni a zaure bai je kallon hawa ba don kada mu zo mu tarar ba ya nan. Shekara talatin da wani abu ke nan, tsohon ya daɗe da rasuwa, amma har yau idan muka ji ƙanshin soyayyar gyaɗa ranar Sallah sai jikinmu ya yi sanyi.

Yanzu kuwa abin ya ƙara tsanani. Mun sha ganin yaro ya karɓi naira hamsin ya juya ta gaba da baya a gaban wanda ya ba shi, ya yi gaba ba ko sannu. Mun kuma san magidanta, mutanen kirki, waɗanda da an sauko daga idi sai su sulale gona ko su shige ɗaki su ce a ce ba sa nan, don ba su da abin da za su sallami yaran 'yan uwansu da shi. Wasu kuma su ci bashi don kada a raina su, Sallah ta wuce ta bar su da mai bin bashi a ƙofa. Ranar da aka ware don sada zumunci ta zama ranar da talaka yake ɓuyar wa 'ya'yan ƙaninsa. Ashe kyautar da ke da fuska tana iya zubar da mutuncin fuskar da ba ta da abin bayarwa.

To, mu dubi kwalin. Su ma Kiristocin ƙasar nan, asalin shagalinsu bai yi nisa da namu ba: ɗinkin sabon kaya, da yanka kaza ko akuya, da shinkafa da miya, da cincin, da tafiya gida ganin iyaye, da aika wa maƙwabta abinci. A shekarar 2000, da ƙaramar Sallah ta faɗo cikin mako guda da Kirsimeti, da kuma 2007, da babbar Sallah ta riga shi da 'yan kwanaki, telolin garuruwanmu ba su bambance ɗinkin wannan da na wancan ba, duk a igiya ɗaya suka rataye su. Kwalin kyauta shi ne baƙo, daga Turai ya zo. A Ingila an daɗe da al'adar ba barori da masu ƙananan sana'o'i akwatin kyauta washegarin Kirsimeti, shi ya sa suke kiran 26 ga Disamba ranar akwati, aka kuma sa ta cikin ranakun hutu a dokar da suka yi a 1871. Mu ma mun gaji hutun daga gare su, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa tambayar wane akwati ake nufi ba. Daga baya kuma aka samu wata al'adar da ta shafi yara, iyaye su cika kwali da kayan barci da littafi da kayan zaƙi su ajiye wa ɗansu.

Shi kuma Baba Kirsimeti, wanda yara suke zuwa gani a manyan kantuna da gidajen talabijin na birane, asalinsa wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Mutanen Holan suka riƙe bikinsa a farkon Disamba, sunan da suke kiransa da shi ya ƙetara Amurka, a can aka ɗinka masa jar riga aka ba shi buhu. Za mu dawo kan labarinsa, domin a ganinmu a nan bakin zaren yake.

Me ke da kyau a kyautar da aka ɓoye mai ita? Na farko dai yaro ba ya durƙusa wa kowa kafin ya samu, ba ya kuma tashi da jin cewa wani yana bin sa bashi. Na biyu, uban da ya yi haka ya horar da zuciyarsa, ya kashe kuɗinsa ya kuma haƙura da yabon, wanda a wajen yawancinmu ya fi kuɗin wuyar rabuwa. Addinan nan biyu duk sun yabi sadakar da aka yi a ɓoye, suka kuma yi kashedi ga mai gori da mai riya. Idan muka ga wani ya ɗauki wannan koyarwa ya shigar da ita har cikin ɗakin 'yarsa, bai kamata mu yi saurin yi masa dariya ba.

Sai dai akwai aibu biyu da ba za mu iya kau da kai daga gare su ba. Na ɗaya shi ne wanda malamin addini ya ambata, kuma ya shafe mu marubuta kai tsaye, tun da sana'armu ce ƙaga abin da bai faru ba. Za a iya cewa ai mu ma muna ba yara labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, me ya raba su da Baba Kirsimeti? Abin da ya raba su shi ne ƙofa. Tatsuniya tana da ƙofar shiga, a ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, kowa ya san an bar duniyar gaske. Tana kuma da ƙofar fita, a ce ƙurunƙus, a tashi a kwanta. Yaro ɗan shekara huɗu ya san ba zai gamu da Gizo a hanyar rijiya ba. Shi kuwa labarin Baba Kirsimeti ba shi da wannan ƙofa, da gaske ake ba da shi, har a kawo kwali a matsayin shaida. Ba mu ce wannan zai lalata yaro ba, miliyoyin yara sun gano gaskiyar sun yi dariya sun wuce. Muna dai cewa duk wanda ya ƙaga labari ya kamata ya bar wa mai saurare hanyar gane cewa ƙage ne, ko da mai sauraren bai kai tsawon tebur ba.

Aibu na biyu ya fi wannan nauyi. Ana gaya wa yara cewa tsohon nan yana kai kyauta ga masu ladabi ne, marasa ji kuma ba sa samu. Yanzu mu ɗauka ga yara biyu a aji ɗaya, ɗiyar likita da ɗan mai gadi. Da safe ita ta tashi ta ga kwali maƙil, shi bai ga komai ba. Idan ya san iyaye ne ke saye, zai ce babana ba shi da hali, wannan kuwa gaskiya ce mai ɗaci amma yaro yana iya haɗiye ta. Idan kuwa ya yarda cewa wani adali ne daga sama yake rabo gwargwadon hali, me zai ce da kansa? An ɗauki rashin uba an mayar da shi laifin ɗa. A nan kwalin ya fi yawon Sallah rashin tausayi, domin mu dai mun san kawunmu talaka ne, ba mu taɓa zaton laifinmu ne ya jawo mana gyaɗa ba.

Akwai kuma wani irin kwalin wanda ke ƙetare teku. A 1990 wani mutumin garin Wrexham da ke ƙasar Wales, Dave Cooke, ya tara kayan taimako ya kai wa marayun Romaniya, daga 1993 kuma ƙungiyar Samaritan's Purse ta Amurka ta ɗauki shirin ta faɗaɗa shi. Iyalai a can suna cika kwalin takalmi da kayan wasa da na makaranta, a rubuta a bayansa ko na namiji ne ko na mace da kuma shekarun yaron, a tura ƙasashe sama da ɗari. Kwalayen da aka raba sun haura miliyan 200. Niyyar masu cikawa ba abin zargi ba ce, kuma murnar yaron da ya buɗe ta gaske ce. Tambayarmu ɗaya ce, ta kuma shafi namu masu hannu da shuni da 'yan siyasa da ke tara marayu da 'ya'yan talakawa a fili kafin Sallah, a jera su, a ɗora wa kowa leda a hannu, a ɗauki hoto a watsa a Facebook: yayin da ake wannan rabo, ina uban yaron yake tsaye? Galibi yana can bayan taro, yana kallon baƙo yana yi wa ɗansa abin da shi ya kasa, a gaban dukan gari.

Wannan ya dawo da mu kan Nikolas. Labarin da ake bayarwa shi ne, akwai wani mutum a garinsu da ya talauce, yana da 'ya'ya mata uku da suka isa aure, ba shi da abin da zai aurar da su da shi. Duk mahaifin da ya taɓa kwana yana tunanin kayan ɗaki ya san irin wannan dare. Sai Nikolas ya bi duhu ya jefa jakar zinariya ta taga, aka aurar da ta fari. Ya sake, aka aurar da ta biyu. A karo na uku uban ya yi kwanto ya kama shi, shi kuma ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Mai karatu ya lura da abu ɗaya: a hannun uban dukiyar ta faɗa, shi ya aurar da 'ya'yansa, shi gari ya gani ya yi wa barka. Nikolas bai ƙaga wani tsoho mai tafiya a sama ba, kansa kawai ya janye don mai gida ya tsaya a matsayinsa. Wannan kuwa muna da sunansa a Hausa tun kaka da kakanni, shi ne rufin asiri.

Mu kanmu an taɓa rufa mana. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta fara a 1986 ya kai wa kowa wuya, wata shekara damina ma ta yi mana gardama, har aka shiga goman ƙarshe na azumi babu wanda ya yi maganar tela a gidanmu. Mu yara mun riga mun fid da rai. Ana saura kwana biyar sai mahaifinmu ya shigo da yadi a hammata, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya ce a je a gwada. Muka yi ta tsalle, muka yi masa godiya, ya ce Allah ya yi muku albarka. Sai bayan rasuwarsa, muna da namu iyalin, mahaifiyarmu ta gaya mana cewa ƙanwarsa da ke aure a Sara ce ta sayar da akuyarta ta sayi yadin, ta aiko da shi da dare ta hannun mijinta, ta kuma ce idan yara suka ji daga wajenta ne ba ta yafe ba. A Sallar nan da muka je gaishe ta, ta dubi rigunanmu ta ce, "Kai, Yaya ya iya zaɓen yadi!" Ta ba kowa sule.

Idan aka duba, ita ma zakkar fid da kai a kan wannan hikimar take tafiya. Mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, a kuma fitar kafin a tafi idi, don hatsin ya isa gidan mabuƙaci a kan lokaci, uwar gida ta tuƙa, yara su ci daga tukunyar gidansu kamar 'ya'yan kowa. Yaron ba ya tambayar daga wane rumbu dawar ta fito.

Saboda haka amsarmu ga tambayar da ta taso a ofis ita ce, yaro yana bukatar ya ga fuska a bayan kyautarsa, kuma fuskar da ta fi cancanta ita ce ta wanda ke ɗauke da shi kullum, uba ko uwa ko marikinsa. Mai hali daga waje, idan da gaske yaron yake nufi da alheri, sai ya bi ta hannun waɗannan. Shi kuwa uban da ya sayi abu da guminsa, kamar abokin aikinmu, ba mu ga abin da zai sa ya ɓuya ba, don babu asirin kowa da ɓuyarsa ta rufa.

Mun san za a ce ai wannan ma yaudara ce, mun gode wa mahaifinmu a kan abin da ba shi ya saya ba. Mun yi wannan tunani, kuma ba mu ce babu komai a cikinsa ba. Goggonmu ta rasu ba mu taɓa ce mata mun gode ba, wannan bashi ne da ba mu da hanyar biya sai addu'a. Mahaifinmu kuma Allah kaɗai ya san abin da ya ji a ransa lokacin da muke tsalle a gabansa. Amma dai ba wanda ya faɗa mana abin da ba haka ba. Ta ba ɗan uwanta, ya zama nasa, shi kuma ya ba mu. Godiyar da muka yi masa ma ba ta faɗi ƙasa ba, domin wanda ya ciyar da mu sauran kwanakin shekara ya cancanci fiye da ita. Inda wannan ra'ayi namu yake ɗingishi shi ne wajen yaron da ba shi da wanda za a ɓuya a bayansa, kamar almajirin da iyayensa ke wata ƙasa, ko marayan da dangi suka watsar. Shi kam leda daga hannun da ba a gani ba ba za ta ishe shi ba. Ya fi kowa bukatar mutum mai suna wanda zai ba shi, ya tambaye shi sunansa, ya kuma gane shi idan sun gamu a kasuwa bayan Sallah da wata biyu.

'Yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga wani ɗan tsokaci. Littattafanmu na soyayya cike suke da Alhajin da zai tsaya da mota a ƙofar gida, a buɗe but, a yi ta shiga da kaya yara suna shewa, marubuci kuma ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin kuɗinsu. Ba mu tuna mun karanta shafi guda da aka tsaya a kan mai gidan da ke zaune a kan tabarma a zaure ana wucewa da kayan ta gabansa ba. Akwai labari a fuskar mutumin nan, yana jiran mai rubuta shi.

Ranar Kirsimeti da azahar sai ga 'yar malamin lissafi ta yi sallama a gidanmu, ita da yayanta, ɗauke da kwanon shinkafa da naman kaza, wanda ubansu ya kai wa mahauci Musulmi ya yanka kamar yadda ya saba kowace shekara saboda maƙwabta. Tana sanye da tabarau ɗin nan, 'yar tsanar kuma a goye a bayanta da ɗankwali. Uwar gida ta juye abincin, ta zuba musu dabino a kwanon, ta ba kowannensu tukwicin naira ɗari. Autarmu, wadda sa'arta ce, ta taɓa 'yar tsanar ta ce wa ya saya miki. Yarinyar ta ce Baba Kirsimeti ne ya kawo cikin dare. Sai kuma ta waiga ta ga yayanta ya yi gaba, ta matso kusa da kunnen autarmu, amma da muryar da duk tsakar gida aka ji, ta ce, "A kwalin takalmin Babana ya zubo. Kada ki faɗa wa Baba, shi bai san na gane ba."